Baƙon da Ya Wuce Zaure

A tashar Tasawa, Rifkatu na jiran motar Mayahi tana rera waƙar coci, har wani dattijo mai buhun wake da ke gefenta ya juyo.

"Baiwar Allah, wannan fara'a haka, biki aka yi?"

"Ya fi biki, Baba! Ni Kirista ce, daga taron addu'a nake. Yau na gane ashe a zaure nake ajiye Ubangiji kamar baƙo. In leƙo ran Lahadi mu gaisa, in koma ciki abina. Yau kuwa na ce mashi, shigo zuciyata ka zauna, gidanka ne!"

"Ikon Allah! To kin yi shara? Mu dai ba mu shigar da baƙo gida da datti."

"Ai daɗin ke nan! Fasto ya ce ko ba shara shigowa yake, shi zai share da kanshi."

Dattijon ya yi dariya. "Ko'ina da ko'ina?"

"Ko'ina! Sai dai wajen ƙanena da ke garin Urafane, da ya saida gonar babanmu. Wannan ɗakin kam a rufe yake, ko gaisawa ba mu yi."

"Ɗiyata, ni ban san addininku ba. Amma wanda kika ce ma gidanshi ne, ya za ki hana shi ɗaki?"



Kamasho ya ɗaga murya: "Mayahi, saura mutum ɗaya!"

Rifkatu ta ɗauki ƙunshinta, ta tsaya cak. "Baba, ina motar Urafane ke lodi?"