Gurabe Huɗun da Malam Howlader Ya Rasu Yana Nema

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma babban baƙonmu, Janab Ashraful Mridha, mataimakin sakatare a hukumar tallafin horo, wanda ya taso tun daga Dhaka, shugaban likitocin gundumar Nilkandi, Dakta Bimal Saha, liman da dattawan gari, uwarmu Khalamma Jahanara, matar marigayi, da 'ya'yansa Rezaul da Mithila, abokan aiki, da ku da kuke tsaye a bakin tagogi saboda kujeru sun ƙare, ku da kuka fi mu saninsa domin ku ne marasa lafiyarsa. Sannunku da zuwa, Allah ya ba da lada.

Sunana Dilruba Yasmin. Ni ɗalibar Dakta Mofazzal Howlader ce, kuma iyalinsa ne suka ce in yi magana da yawun mu duka. Na gaya wa Khalamma ta sake shawara, don raina a ɓace yake kuma bakina ba shi da linzami. Sai ta ce, "Ai shi ya sa na zaɓe ki." Don haka ku yi haƙuri da ni.

Malam ya kasance likitan ƙwaƙwalwa guda ɗaya tilo a gundumar da ke da mutum sama da miliyan biyu. Shekara ashirin da shida ke nan. Ya kasance yana ganin mutum tamanin a rana, masu ciwon damuwa, masu jin muryoyi, matan da suka daina magana tun da ruwa ya tafi da 'ya'yansu. Ya kasance idan aka kawo mutum ɗaure da igiya daga tsibiran kogi, ba ya tambayar sunan kowa sai an kwance igiyar. Dukkanmu mun ga haka da idonmu.

Kuma ya kasance mai taurin kai na fitar hankali. Khalamma, kin fi ni sani. Abu ɗaya ya sa a ransa shekara goma sha ɗaya: gwamnati ta ba da tallafi a buɗe gurabe huɗu a wannan asibiti, inda matasan likitoci za su yi horon ƙwarewa a ƙarƙashinsa. Hujjarsa ba ta da wuyar ganewa. Duk wanda aka tura Dhaka ya koyo wannan aiki, a can yake aure, a can yake sa yara makaranta, ba ya dawowa. Yakan ce, "Ku horar da su a inda ciwon yake, za su zauna." Gurabe huɗu, jama'a, ba jami'a ya nema ba.

Karon farko da ya kai fayil ɗin, bayan awa goma a jirgin ruwa, aka dawo masa da shi wai bangon kore ne, na horo shuɗi ake sawa. Ya sauya bango. Aka ce ba a ba asibiti gurbin horo sai yana da sashen koyarwa. Ya nemi sashen koyarwa. Aka ce ba a buɗe sashen koyarwa sai inda akwai masu horo. Shekara uku ya yi yana zagaye tsakanin ofisoshi biyu da ke bene ɗaya, ƙofa na kallon ƙofa, kuma ba a taɓa samun wanda ya tsallaka ya tambayi ɗan'uwansa ba.

Jami'ai bakwai suka riƙe wannan fayil. Da zarar Malam ya gama fahimtar da ɗaya, sai a yi masa canjin wurin aiki, sabo ya zo ya ce a fara daga farko. Na raka shi wajen na huɗu. Mutumin yana shan shayi, bai ko ce mu zauna ba, ya ce, "Dakta, wai mahaukata nawa gare ku ne da kake damunmu haka?" Malam ya gyara tabarau ya ce, "Ranka ya daɗe, a gundumarmu kake nufi, ko a wannan benen?" Na so ƙasa ta tsage in shige. Da muka fito na ce, "Malam, ka kashe mana fayil." Ya ce, "Uwata, fayil ɗin da ya shekara biyar a ƙarƙashin kofin shayi, wane rai ya rage masa?"

A shekara ta takwas aka buga masa waya wai an amince. Don murna ya raba alewar jilapi har ga masu gadi. Sai kuɗin ya sauka saura kwana goma sha biyu watan Yuni ya ƙare, kuma kun san yadda muke yi: abin da ba a kashe ba kafin shekarar kasafi ta rufe, komawa yake yi. Ba a ɗaukar likita a kwana goma sha biyu, amma ana iya ba da kwangilar gini. Sai aka rubuta cewa horo yana bukatar zauren horo, aka kira ɗan kwangila.

Ku ɗaga kai ku duba. A cikinsa muke zaune. Ga fankoki goma sha shida, ga allo, ga labule. Shekara uku yana kulle, ba a koyar da ko mutum ɗaya a nan ba. Malam bai taɓa yarda ya taka ƙofarsa ba, kewayawa yake yi ta bayan ɗakin magani ko da ana ruwa. Yau ce rana ta farko da aka buɗe shi, kuma don zaman makokinsa aka buɗe. Wallahi tun da na shigo abin yake cina.

Kada ku ɗauka na tsame kaina. Ni ce misalin da yake bayarwa. A nan aka haife ni, shi ya rubuta mini takardar da ta kai ni Dhaka, na ƙware, na zauna. Duk sallah sai ya kira ni: "Uwata, iskar can ba ta ishe ki ba? Kifinsu ma na ƙanƙara ne." In ce, "Malam, makarantar yara." Ya ce, "Mu nan jahilai muka haifa?" In yi dariya in sauya magana. Shekara tara ina sauya magana. Shi ma ya ba ni haushi, ba zan ɓoye ba. Na ce ya je a duba zuciyarsa, ya ce wa zai bar wa layin? Na ce ya huta mako guda, ya ce in zo in riƙe masa. Ya san ba zan zo ba, ni ma na san ba zai huta ba.

Ya yanke jiki ya faɗi a ɗakin duba marasa lafiya, da rana tsaka, yana rubuta wa wani magani, bai sake tashi ba. Mako guda bayan nan mutum sittin da wani abu suka sauko daga jirgin safe da katunansu a leda, don labari bai kai tsibirai ba. Sista Shefali, wadda ta yi shekara ashirin tana kira masa layi, ita ta fita ta gaya musu. Wani dattijo da ya kawo 'yarsa ya ce, "To wa zai duba mu?" Ta ce babu kowa. Ya ce, "Ba komai, za mu jira." Suka zauna har la'asar. Ta ce mini ba ta taɓa jin kunyar farin kayanta ba sai ran nan.

Sai ga wasiƙa ta iso gida, da sunansa a kai. Rezaul ne ya buɗe. An amince da gurabe huɗun, na gaske wannan karon. Amma tunda an samu labarin cewa mai kula da horon ya rasu, za a rufe fayil ɗin idan ba a kawo sunan wani ƙwararre ba kafin talatin ga Yuni. Wato ran Alhamis ɗin nan. Da sunansa fa aka aiko, ana sanar da shi cewa ya rasu! Idan aka rufe, sai a fara daga bango kore, kuma likitoci huɗun da ke zaune a layin baya can, waɗanda suka ƙi tafiya birni suna jiransa, za su tafi. Ba zan ga laifinsu ba.

Ɗazu aka sanar cewa za a sa wa wannan zaure sunansa, har an ba da aikin sassaƙa dutse. Mun gode da niyya. Amma Khalamma ta ce in isar da saƙo yadda ta faɗa, ba ƙari ba ragi: "Ki ce musu mutumin da ya ƙi shiga ɗakin nan da ƙafarsa, kada su shigar da shi da dutse."

Khalamma, ki yafe mana. Mun cinye miki miji da ransa, abincinsa ya sha hucewa a kwano yana can yana sauraron baƙin cikin wasu. Rezaul, Mithila, mahaifinku bai bar muku gida a Dhaka ba, amma babu tsibirin da za ku sauka a kogin nan a bar ku ku biya kuɗin kwalekwale.

Yanzu gare ka, ranka ya daɗe. Kai ne jami'i na takwas, wata huɗu kacal ka yi a kujerar, ba kai ka yi mana wannan ba. Amma yau a hannunka yake. An ce babu ƙwararren da zai maye gurbinsa. Akwai. Shekaranjiya na miƙa takardar neman a dawo da ni Nilkandi. Mijina bai gama hucewa ba, yarana ba sa yi mini magana, kuma Malam da ya roƙe ni shekara tara ba zai gani ba. Wannan ni zan ɗauke shi har ƙarshen raina. Sunana yana cikin fayil ɗin a inda nasa yake, Dakta Bimal ya sa hannu jiya. Sa hannunka kaɗai ya rage.

Mun gode wa duk wanda ya taka ya zo, da waɗanda suka dafa abinci, da waɗanda suka tsallako ruwa. Allah ya jiƙan Malam Mofazzal, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya ba shi hutun da ya hana kansa. Allah ya ba iyalinsa haƙuri, ya ba marasa lafiyarsa sauƙi, mu kuma ya yafe mana jinkirinmu. Amin.

Na ji an ce jirginka na ƙarfe huɗu ne, ranka ya daɗe. Ga fayil ɗin, ga alƙalami. Shafin ƙarshe ne, ƙasa ta hannun dama. Ina nan tsaye.