Tsakuwar da Muka Wanke

Assalamu alaikum warahmatullah.

Mai girma shugaban wannan taro, Allah ya ƙara maka lafiya. Manyan baƙi da ke kan kujerun gaba, waɗanda suka ba mu tankunan kifi, ban san muƙaminku ɗaya bayan ɗaya ba, idan na tsallake wani a yafe mini. Mai girma sakatare. Shugabar ƙungiyarmu, uwa a gare mu. Malamin Kifi, wanda ya koya mana aikin. Malamar asibiti, na hango ki can bakin taga. Iyayena maza, iyayena mata, 'yan'uwana masu goyo da masu ciki, da duk wanda ya bar aikinsa ya zo ya zauna cikin wannan zafi, ina gaishe ku, ina kuma yi muku sannu da zama.

Ku yi haƙuri da ni. Ban taɓa riƙe wannan abin maganar ba, ban kuma taɓa zama a aji ba, balle in san yadda ake jera zance a gaban manya. Wadda ya kamata ta tsaya a nan ita ce maƙwabciyata, wadda muke kira Mai Baki, to tun da kifin ya mutu bakin nata ya mutu. Ta ce da ni, "Ke ki je, ke ce mai 'yar da za a gani." Shi ya sa na taso da goyona. Idan ta yi kuka a yi mana uzuri.

Farko dai godiya. Mun gode da tankunan, mun gode da injin da ke tura ruwa, mun gode da rumfar da aka kafa mana a bayan ɗakin nan. Mun gode da aka dube mu, mu da ba mu da gona ko taki ɗaya, aka ce za mu iya noma a cikin tsakuwa. Ranar da aka faɗa mana haka dariya muka yi. Surukata, Inna, ta ce, "In dai alayyahu ya fito a kan dutse, ni ma haƙorana za su sake fitowa." Alayyahu ya fito, latas ya fito, tumatir ya fito har yana karya sanda. Haƙoran Inna ne kawai muke jira har yanzu.

To, ɗazu mai girma sakatare ya tashi ya ce kifinmu ya mutu duka, gaskiya ne. Ya ce ganye ya bushe, gaskiya ne. Ya ce shawarar da ke gaban taron nan ita ce a kwashe tankunan a kai wa wasu da za su fi mu kula. Sai ya faɗi wata kalma, ya ce sakaci. A kan wannan kalmar na tashi, kuma magana uku gare ni.

Ta farko, ina so ku san yadda abin ya faru, daga bakin wadda hannunta ya shiga ruwan.

Kafin wannan da ke bayana, na haifi namiji. Zawo ya ɗauke shi bai kai ga yaye ba. Da na haifi wannan, ta zo ba nauyi, ka ɗauke ta kamar ba ka ɗauki komai ba, shi ya sa ubanta ya sa mata Tsuntsuwa. Duk zuwan da muke yi awo, Malamar asibiti tana tara mu tana cewa, "Ku ji tsoron ƙwayoyi. Ido ba ya ganin su, amma su ke kashe muku 'ya'ya. Suna cikin datti, suna cikin abu mai yauƙi, suna cikin ruwan da ya daɗe. Ku wanke, ku tafasa, ku sa sabulu." Malama, ba laifinki nake faɗa ba, wallahi gaskiya kika gaya mana. Ni da na binne ɗa, wannan maganar ba a kunnena ta tsaya ba, cikin ƙashina ta shiga.

Ranar da Malamin Kifi ya zo koya mana, ina can baya saboda Tsuntsuwa tana rigima. Na ji ya ce kifi zai yi kashi a ruwa, inji zai tura ruwan zuwa kwamin tsakuwa, ganye zai sha, ruwan ya koma wa kifi da tsabtarsa. Wannan na gane. Sai na ga ya ɗebo tsakuwa a hannu yana cewa, "A jikin nan akwai ƙwayoyi, ba su ƙirguwa, ido ba ya ganin su." Abin da ya faɗa bayan nan ban ji ba, na fita jijjiga yarinya. Da na dawo ya ce, "Akwai mai tambaya?" Na so in ɗaga hannu, sai na ga maza a tsaye a bakin ƙofa, na ji kunya, na ce kada a ce wannan ba ta san komai ba. Waɗanda ke gaba sun ce ya faɗa, ya ce masu amfani ne. To amma ku gaya mini, iyayena, macen da aka yi shekaru ana ce mata ƙwayoyi su ne ajalin ɗanta, rana ɗaya a ce mata akwai nagari, wanne za ta riƙe? Mu kalma ɗaya muka sani, kuma a bakin Malama muka fara jin ta.

Aiki ya yi kyau, har muka fara cin kifi. Sai wata safiya ina tsinkar ganye, na ajiye Tsuntsuwa a ƙasa, na juya na ga tana tsotsar wani abu. Na sa yatsa na zaƙulo. Tsakuwa ce daga cikin kwamin, baƙa, da yauƙi a jikinta kamar majina. Inna ta ɗora hannu a ka ta ce, "Shi ke nan, ta haɗiyi ƙwayoyin malamin nan!" Mata suka taru. Mai Baki ta tura hannu cikin kwamin har gwiwar hannu, ta fito da shi baƙi ƙirin, ta ce, "Yanzu a cikin wannan ƙazantar muke shuka abin da 'ya'yanmu ke ci? Da a ɗakina ne, da miji ya kore ni." Malamin Kifi ya yi tafiya a lokacin. Ba wanda ya ce a jira shi.

Jama'a, da kun ga aikin da muka yi ran nan. Muka cire shukokin a hankali muka jera a inuwa. Muka kwashe tsakuwar nan kaf a bahon wanka. Muka dafa ruwa, muka zuba garin sabulu, muka dirza, muka ɗauraye, muka sake dirzawa har fatar hannunmu ta yi fari. Muka zubar da rabin ruwan tankin muka cika da sabo daga famfo, mai warin maganin nan. Muna yi muna raha. Da muka gama, tsakuwa tana ƙyalli, ruwa garau kana hango ƙasan tanki. Muka tsaya muna kallo muna cewa bari Malam ya dawo ya ga mata.

Ba a jima ba kifi ya daina cin abinci. Muka ce ko abincin ne bai ishe su sha'awa ba, muka ƙara zuba musu, ashe wuta muke ƙara wa itace. Suka taso sama suna buɗe baki, suna buɗe baki, kamar yaron da numfashi ya sarƙe. Ni na san wannan buɗe bakin, na taɓa ganin sa a kan cinyata. Sai suka fara juyewa ciki sama, yau a kwashe, gobe a kwashe, kuma ruwan nan garau yake, ko ɗigon datti babu.

Sai Malam ya dawo. Ya ɗebi tsakuwa ya shinshina, ya ce, "Wa ya wanke wannan?" Mai Baki ta buga ƙirji ta ce, "Mu ne, Malam, har da ruwan zafi." Sai ya kifa bokiti ya zauna a kai. Sannan ya ce, "Bayin Allah, kun kashe masu dafa abincin." Ya ce kashin kifi dafi ne, ga kifin da ma ganyen, sai waɗannan ƙwayoyin na jikin tsakuwa sun juya shi tukuna ya zama abincin shuka. Wannan yauƙin da muka kankare, shi ne gidansu. Ya ce kafin su taru su yi yawa haka ana ɗaukar makonni, mu kuma muka gama da su kafin azahar. Ran nan na gane abin da ya faɗa lokacin da nake waje. Da na ɗaga hannun nan, da na ce, "Malam, waɗanne irin ƙwayoyi?", da yau ba wannan taron ake yi ba. Kullum sai na faɗa wa kaina haka.

Magana ta biyu, a kan sakaci. Ranka ya daɗe sakatare, ni ban iya musu da manya ba, amma ina roƙo a canza mana wannan kalmar. Mai sakaci ba ta san ranar da wuta ta ɗauke tun hantsi ba, inji ya tsaya, muka yi layi da bokitai muna ɗiba muna kwarara daga sama don kifi ya sami iska, har la'asar, da goyo a bayanmu. Mai sakaci ba ta zauna tana murtsuke ƙwarin ganye da yatsa ɗaya bayan ɗaya ba, don an ce mana in aka fesa magani zai gangara wa kifi. Mai sakaci ba ta kwanta a ƙasa tana zaro saiwar tumatir daga cikin bututu da tsinke ba. Mai sakaci ba ta ɗinka raga ta rufe bakin tanki don kada yaro ya leƙa ya faɗa ba. Duk mun yi wannan, Malam yana nan, a tambaye shi. Ba rashin kula ne ya kashe kifin nan ba. Kula ce ta yi yawa, ta bi hanyar da ba ita ba. Ku kira mu marasa sani, za mu amsa. Ku kira mu matsorata, za mu amsa, don tsoro ne ya sa mu. Amma sakaci, a'a.

Kuma ina roƙo, duk inda za a sake koya wa mata irinmu wannan aikin, Malam da Malama su tsaya tare a gabansu. Ita ta ce ga waɗanda za a wanke, shi ya ce ga waɗanda za a bari. Ko kuwa a nemo wa na tsakuwar wani suna daban, don kada wata uwar ta ji abin da na ji.

Magana ta uku ita ce wadda ta hana ni ci tun da aka sa ranar taron nan. Malama tana da wani ɗan zare mai launi da take zagaya wa yara a dantse don auna rama, ja haɗari ne, kore lafiya. Lokacin da aka kawo tankunan, Tsuntsuwa tana kan ja. Malama ta kira ni gefe ta yi mini magana a hankali, irin maganar da na taɓa ji a kan wanta. Maigidana facin taya yake yi, ranar da aka samu a ci, ranar da ba a samu ba a yi haƙuri, kifi kuwa sai dai mu gan shi a tiren masu talla. Da tankin nan ya fara bayarwa, nakan dafa mata ɗan ƙarami in cire ƙaya in murje da ganye. Zaren ya bar ja ya koma rawaya. Zuwanmu na ƙarshe Malama ta ce, "Saura ƙiris ta taɓa kore." Ubanta har ya fara cewa sai an canza mata suna, ta fi ƙarfin Tsuntsuwa, ta zama Agwagwa. Awo na gaba yana nan tafe, kuma wallahi tsoron zuwa nake yi. Ba ni kaɗai ba ce, ku dubi layin nan na baya, kowace da nata.

Har yau in muka bi ta rumfar, sai ta zame daga bayana ta je ta dafa tankin, ta ɗebi ƙasa ta watsa ciki, tana kiran su su zo su ci. Ban san yadda zan gaya mata ba.

Don haka ga roƙonmu, ranka ya daɗe shugaba. Kada a kwashe tankunan. Ba mu ce a kawo mana sabon inji ba, namu yana aiki. Malam ya ce idan aka samo tsohuwar tsakuwa daga inda kifi ke raye, aka zuba cikin tamu, ƙwayoyin za su hayayyafa su dawo, sannan a sa 'yan kifi kaɗan a fara a hankali. To abin da muka zo roƙo ke nan a gaban manya: datti. Bokiti ɗaya na tsakuwa baƙa mai yauƙi, irin wadda na zaƙulo daga bakin 'yata. Mu da muka fi kowa wanki a unguwar nan, mun yi alkawari a gabanku, ko Inna ba za ta kusance ta da sabulu ba. Hannun yaranmu za mu wanke, ganyen da za su ci za mu wanke, tsakuwa kuwa mu bar ta da baƙinta.

Allah ya saka wa waɗanda suka ba mu da alheri. Allah ya ba shugabanni ikon yanke abin da ya fi zama daidai. Allah ya raya mana 'ya'yanmu, ya sa kada wata uwa a ɗakin nan ta sake ganin zaren nan a kan ja. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Ga ta nan ta farka, bari in sauka.

Na gode.