Gwaji a Gindin Fanka

A rumfar wani mai gyara a Birnin Gwari, Malama Adawiyya ta dire kwamfutarta a kan tebur.

"Ka ce memorinta lafiya ƙalau, ga shi da azahar ta sake ɗaukewa."

"Malama, a gabanki na gwada jiya."

"A gindin fanka ka gwada. Ni ɗakin kwano gare ni, da ta ɗau zafi sai ta birkice."

"To ki buɗe taga mana."

"A ƙauyenmu Kakangi? Ta tagar nan 'yan bindiga suka hango mijina. Muryarsa kawai ta rage mini, ita nake kunnawa a cikin kwamfutar nan."

Mai gyaran ya kashe fankar.

"Zauna, Malama. Bari ta yi zafi mu sake gwadawa."