Takin Gonar Bakin Daji

A tashar Birnin Gwari, Auta na jiran motar Kakangi da buhun irin sanfulawa, furen nan mai bin rana. Ya juya ga wani dattijo.

"Baba, warware mini wannan. Gonar gida na yi mata huɗa, na zuba takin awaki, furannin suka fito ƙanana. Ta bakin daji kuwa, tsoro ya hana ni huɗa, na shuka na gudu. Kowane kai kamar faifai! Bana in daina huɗa ke nan?"

"Wa ya zauna a gonar bakin dajin da rani?"

"Ba kowa, sai 'yan bindiga da shanun sata, wata biyu."

"To, ɗana, ai su suka yi maka taki."

Auta ya dafa buhun.

"Wato in yi huɗa, ko in yi addu'a su dawo?"