Kumbon Mma Zalika

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Da sunan Allah mai rayawa mai kashewa nake farawa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu.

Allah ya gafarta Malam Liman, da na'ibinsa, da malamanmu na Islamiyya. Alhaji Sumani, shugaban ƙungiyar 'yan Zango ta nan Bronx. Magajiya da sauran iyayenmu mata. Kawu Alhassan, ƙanen marigayiya, da matarsa Anti Akua. Sai Yaya Muniru, ɗan marigayiya, wanda yake sauraronmu daga Kumasi ta wayar da ke hannun Kawu Alhassan. Ina gaishe ku, ina yi mana ta'aziyya baki ɗaya.

Sunana Sauda Shitu, shekarata goma sha uku. Idan muryata ta yi ƙasa ku yi haƙuri. Ina magana ne a madadin yaran Asabar, mu tara da Mma Zalika take riƙewa duk ranar Asabar bayan an tashi daga Islamiyya, har iyayenmu su dawo daga aiki.

Yau kwana arba'in da rasuwarta. Ranar jana'iza Malam ya roƙi duk wanda ta ɓata wa ya yafe mata, kowa ya ce ya yafe. Mutum ɗaya ne bai ce komai ba har yau, shi ne ɗanta. Na nemi izinin Kawu Alhassan kafin in faɗi wannan, ya ce in faɗa. Yaya Muniru, ba tsaye nake don in ga laifinka ba. Akwai saƙonka a hannunmu shekara uku, mu ba mu san naka ba ne. Shi na zo bayarwa.

Manya sun fi mu sanin ko wace ce ita. Ta kasance mai kula da tsofaffi a gidajensu, shekara goma sha takwas tana ɗaga iyayen wasu tana kwantarwa. Ta kasance cikin masu wankan gawa idan mace ta rasu a unguwar Tremont, kuma ba a taɓa jin ta fito ta ba da labarin abin da ta gani ba. Ta kasance idan baƙuwa ta zo ba ta jin Turanci, ita ce mai raka ta asibiti, alhali nata Turancin ma bai nuna ba. Ta kasance mai koko da ƙosai a kowane suna. Mu kuma a wurinmu ta kasance kyaftin.

Ga yadda abin ya fara. Wata Asabar cikin sanyin 2013, muna ɗakinta a hawa na biyar a titin Grand Concourse, muna kallon wani shiri a talabijin. Labarin wani kumbo ne da ya ɓata a sararin samaniya, mutanen ciki suna neman hanyar gida. Ita tana zaune a kujera 'yar tsugunno tana yanka kuɓewa. Ta ɗan kalla, sai ta ce, "Waɗannan ba su ɓata ba."

Faruƙ, ɗaya daga cikinmu, ya ce mata da Turanci ai sun ɓata, shi ne ma labarin.

Ta ce, "Kai, rufe mini baki. Dubi rigunansu, ko ƙura babu. Wa yake musu guga? Mutumin da ya ɓata, kafin komai zai tambaya ina ne gabas. Ka ji wani ya tambaya?"

Ta miƙe ta kashe talabijin. Ta ce mu yi namu kumbon, da mutanen da suka san yadda ake ɓata.

A namu kumbon babu soja ko ɗaya. Matuƙin direban tasi ne, Faruƙ ke nan, don ta ce wanda ya iya tuƙi a cunkoson Fordham Road ranar Asabar zai iya bi tsakanin taurari. Najat ce injiniya, mai kitso ce da ta iya haɗa wayoyi. Akwai mai sayar da turare, akwai mai gadi, akwai ladan. Ni da ba na son magana, ta ce, "Kai Sauda, ka rubuta abin da ya faru." Kowa "kai" ne a bakinta, mace da namiji, irin Hausarsu ta Zangon Gana. Da farko mu 'yan Kano muna dariya. Daga baya har ni na fara ce wa ƙanwata "kai", Mama tana harara ta.

Kyaftin kuwa ita ce, mai kula da tsofaffi da aka ɗauka aikin wata shida, sai guguwa ta jefa kumbon inda ba a san hanyar komawa ba. Bututun ɗumama ɗaki da yake huci shi ne inji. Doka ɗaya ce: Hausa kawai. Wanda ya yi Turanci ya huda kumbo, sai ya toshe hancinsa har a ƙirga goma. Yawancin Hausar da kuke ji a bakina yau, da toshe hanci na koye ta.

Matsalolinmu ma ba irin na talabijin ba ne. Mun yi Asabar biyu muna neman alƙibla. Daddawa ta taɓa ƙare mana. Mun sauka wata duniya mai wata uku, aka rasa da wanne za a ɗauki azumi, 'yan Najeriya suka ce na farko, 'yan Gana suka ce na biyu. Mma Zalika ta yi dariya har ta share hawaye da bakin mayafi, ta ce, "Ko a sama ma ba za ku yi Salla rana ɗaya ba."

Yaya Muniru, yanzu na zo kan naka.

Kumbon yana da inda ya nufa. Tun ranar farko da Faruƙ ya tambaya ina zai tuƙa mu, ta ce, "Ɗan'asabe." Mu a nan aka haife mu. Mun san sunayen duniyoyi da Turanci, mun ɗauka wannan ma sunan wata duniya ce da Hausa. Na rubuta a littafina, duniyar Ɗan'asabe. Faruƙ ya zana ta koriya da zobe kewaye da ita, Mma Zalika ta manna zanen a jikin firij. Ba ta taɓa gyara mana ba.

Wata rana Najat ta tambaye ta girman Ɗan'asabe. Ta sa hannu daidai ƙugunta ta ce, "Da na baro shi, iya nan yake. Yanzu an ce ya fi ƙofa tsawo."

Muka fashe da dariya. Faruƙ ya ce, "Mma, duniya tana girma ne?"

Ta ce, "Wannan yana girma. Ba ya jiran kowa."

Ni ma na yi dariya ranar. Har na rubuta a littafi cewa kyaftin ta yi barkwanci.

Kun san yadda ta tafi. Ta taso daga aiki, ta faɗi a wurin jiran bas, ta yi kwana biyu a asibiti ba ta farfaɗo ba. Ranar addu'ar uku ina raba ruwa a falon Kawu Alhassan, sai na ji Magajiya ta ce masa, "An dai gaya wa Ɗan'asabe?" Na kusa sakin tiren. Na je na ja Mama gefe na tambaye ta. Ta dube ni ta ce, "Ke Sauda, ba ki sani ba? Ɗanta ne na fari, Muniru. Ranar Asabar aka haife shi. Uwa irin ta da ba ta kiran sunan ɗan fari, kunyarsa take ji."

A ranar ne kuma Kawu ya kira ka, ya buɗe muryar wayar don iyaye mata su yi maka gaisuwa. Na ji ka ce, "Kawu, shekara goma sha takwas, ko sau ɗaya ba ta kira sunana ba. In na ɗauki waya sai ta ce kowa lafiya, a ba Kaka. 'Ya'yanta suna nan wurinku, su yi mata kuka."

Gaskiyarka ce, mun yi mata kuka. Kuma na san ka fi ni sanin wannan al'ada. Na tambayi Mama, in ya sani, me ya sa yake fushi? Ta ce kunya a gida ɗaya daban ce. Uwa ba za ta kira sunanka ba, amma za ka ga tsokar da ta fi girma a kwanonka. Ta waya kuwa babu kwano, shirun kawai kake samu. Kana da shekara bakwai ta tafi. Mu muka ci koko da ƙosanta, mu ta ɗaure wa igiyar takalmi. Ba zan iya cewa ba a tauye ka ba. Ban kuma isa in ce abin da ta yi daidai ne ko kuskure ba. Manya sun ce rashin takardu ne ya hana ta zuwa, in ta fita ba za ta iya dawowa ba, kuma aikin nan shi yake riƙe da gidanku. Ni abin da na gani da idona kawai zan faɗa.

Duk Asabar, in an yi la'asar, kafin iyayenmu su fara danna ƙararrawa, sai ta ce kowa ya zauna a wurin aikinsa. Ta ɗauki ludayin miya, shi ne rediyon kumbo, ta kai bakinta. Ta ce, "Ɗan'asabe, Ɗan'asabe, kumbo ke kira. Ka ci abinci? Ka yi salla? Kada ka bi 'yan banza. Muna hanya, ka ji? Muna hanya." Daga nan sai ta yi shiru, ludayin yana kunnenta. Mu mun ƙosa da wannan shirun, don yana da tsawo. Sau ɗaya Najat ta ƙanƙance murya ta amsa, "Muna jin ku, kyaftin." Mma Zalika ba ta yi faɗa ba. Ta girgiza kai ta ce, "A'a, Najat. Wannan wurin da mai shi."

Na duba littafina na ƙirga. Asabar ɗari da talatin da huɗu ta yi wannan kiran. Na ƙarshe saura kwana biyar ta faɗi. Ranar tana mura, muryarta ba ta fita sosai, Faruƙ ya ce a bari sai mako mai zuwa. Ta ce, "In aka fasa sau ɗaya, zai ce mun juya."

Yaya Muniru, ba ta juya ba. Ba ta iso ba ne kawai. Littafin da zanen Faruƙ suna hannun Anti Akua, za ta kawo maka in ta zo Kumasi. Rubutun bai da kyau, amma maganarta ce. Mu tara muna roƙonka, don Allah ka yafe mata. In ba za ka iya yau ba, mun gane. Kawu Alhassan, muna roƙon ka bar wayar a buɗe bayan an shafa addu'a, ka kai ta kusa da lasifika. Iyayenmu, ku ɗan yi mana shiru a lokacin, ko na minti ɗaya ne. Wurin nasa ne, ko ya yi magana ko bai yi ba.

Mun gode wa Malam Liman da ya ba yara wuri a gaban manya. Mun gode wa iyayenmu mata da suka yi girki tun safe, da duk wanda ya bar aikinsa ya zo.

Allah ya jiƙan Mma Zalika, ya yafe mata kurakuranta. Yadda ta wanke bayinsa ta rufa musu asiri, Allah ya rufa mata. Allah ya haskaka kabarinta a wannan ƙasa mai sanyi da ba tata ba. Allah ya ba Kawu Alhassan haƙuri, ya sanyaya zuciyar Yaya Muniru. Bayan ya yi tsawon rai, Allah ya haɗa shi da mahaifiyarsa a Aljanna, ta dube shi ido da ido, ta kira shi da sunansa.

Amin. Wassalamu alaikum.