Farin Saƙin Iya Dije

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Almasihu wanda ya riƙe mu da rai a garin nan.

Da ana komawa baya, abu ɗaya zan gyara: da ban taɓa farin saƙin kakata ba.

Sunanta Iya Dije. Tana budurwa ta baro ƙasar Katsina a ƙafa cikin ayarin masu zuwa Makka. Guzuri ya ƙare a yankin Jazira, ta tsaya tsinkar auduga, ta yi aure, ta hayayyafa, daga baya ta kwaso mu duka zuwa unguwar Mayo. Ba ta ga Makka ba, amma ban taɓa ganin ranta a ɓace ba. Tana dama fura a bakin titi, wadda mutanen nan ke kira godo-godo, tana ƙyalƙyala dariya har na cikin bas su leƙo. Larabcinta a karye yake, kuma ita ke fara yi wa kanta dariya.

Abu ɗaya ta zo da shi daga gida: farin saƙi na hannun mahaifinta, wanda ta ajiye don likkafaninta. Da na zama tela a Kasuwar Umdurman, sai ta danƙa mini shi.

"Angona, riƙe mini. Ranar da na tafi kai za ka yanka. Kada ka yi mini ɗinkin nan naku na 'yan birni, ka matse ni!"

A lokacin aragi, giyar dabino, ta riga ta kama ni. Wata rana jikina na rawa, aljihu ba komai, na ɗauki farin na kai wa matar da ke dafa giyar.

Da Iya ta rasu, na ce ɓarayi ne suka shiga rumfata. Aka naɗe ta da yadin kasuwa. Wayyo ni!

Tun daga nan, in na shimfiɗa farin yadi na ɗauki almakashi, sai in ji dariyarta a bayana. Ba fushi, ba zagi, dariyar nan dai. Da zagina take yi da ya fi mini sauƙi. Hannuna ya kama kyarma. Ku duba, tela a Umdurman, inda kowane namiji farar jallabiya yake sawa! Masu kawo ɗinki suka watse. Na ƙara sha don in daina jin ta, ita kuwa sai matsowa take.

Maƙwabcin rumfata, wani tela ɗan duwatsun Nuba, shi ya kawo ni cikinku. Ubangiji ya raba ni da kwalba, amma fari ban sake yankawa ba. Kayan yara masu launi kawai nake ɗinkawa har na yi furfura.

Sai yaƙin nan ya zo. Kasuwa ta rufe, na koma gida. Wata safiya mutanen unguwa suka shigo da farin zanin gado. Wata tsohuwa ta rasu, ba likkafani ko'ina.

"Baba Tela, ba kowa sai kai. Rana na yi, ga zafi. Ka taimaka don Allah."

Na ɗauki almakashi, dariyar ta taso. Na shige ɗaki na durƙusa. Na ce, "Ya Yesu, na sayar da suturar wadda ta goye ni, ba ni da hanyar mayarwa. Ka gafarta mini. Ka ba ni hannuna saboda wannan baiwar Allah da ke jira."

Na fito na yanka. Hannuna bai girgiza ba! Haleluya!

Bayan ita na yanka da yawa, fiye da yadda nake son tunawa. Ba zan ɓoye muku ba, har yanzu nakan ji Iya. Amma yanzu tana dariya ina aikina.

Na gode wa Ubangiji. Duk mai ɗauke da abin da ba ya gyaruwa, ya kai masa, ya dogara gare shi.

Roƙona ɗaya, maganar nan ta tsaya tsakaninmu. Ƙanwata Hajara tana raye a Mayo. Ita ta wanke gawar Iya, har yau ɓarayin nan take tsine wa. Kada ta ji a bakin kowa. Ni zan je in gaya mata da bakina.