Ashe Ni Ban Kai Madubi Ba?

Shugaban taro, iyayenmu dattawan wannan sana'a, abokan aikina masu yankan gilashi, matanmu da 'ya'yanmu da suka cika wannan zaure, assalamu alaikum.

Godiya ta tabbata ga Allah, sannan ga ƙungiyarmu da ta ba ni wannan lambar yabo, wai shekara talatin gilashin mutane bai taɓa fashewa a hannuna ba. An ce in faɗi sirrin. Kalma ɗaya ce, wadda ta fara ɓacewa a bakin 'yan zamani: riritawa.

Da farko, riritawa ba rarrashi ba ce. Rarrashi sai an yi kuka, riritawa kuwa tun kafin hawaye ya zubo. Ita ce ka ɗauki abu da hannu biyu, ka shimfiɗa masa bargo a kan tebur, ka yanka shi a hankali, domin ka san in ya tsage ba ya ɗinkuwa.

Na biyu, kuma a nan zan tona wa kaina asiri, ba gilashi kaɗai ake riritawa ba. Ran nan mai ɗakina ta kawo mini abinci shago, ta tarar ina goge wani madubi ina ce masa, "Sannu, sannu, kar ka ba ni kunya." Ta ajiye kwano ta ce, "Malam, dama kana da wannan muryar? Mu a gida sai 'Ina ruwa? Ina hulata?' Ashe ni ban kai madubi ba?" Cikin dariya ta faɗa, amma jama'a, na ji kunya, na kuma ji tsoro, domin na san gilashi ba ya ihu kafin ya tsage.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Tun ranar nake ƙoƙarin ba ta amsa, harshe yana sarƙewa. Yau ga shaidu.

Uwar yara, ga ki can a layi na uku, daina rufe fuska da mayafi. Sannu da haƙuri da ni. Sannu da ɗawainiya, sanyin idona. Wannan lamba taki ce, domin ke kika yi shekara talatin riƙe da abu mai kaifi, yana yankar ki, ba ki taɓa sakinsa ya faɗi ba.

Kun gani, na faɗa, kuma ban mutu ba! Maza, saura ku.

Allah Ya tausasa harsunanmu, Ya albarkaci sana'armu, Ya mai da kowa gidansa lafiya. Ni kuma Ya ba ni ikon neman hulata da kaina.

Na gode.